Da Wane Harshe Yaro Zai Fara Karatu? Jawabi Ga 'Yan Gombe Mazauna Kurmi

Magidancin da ya baro iyalinsa a Jekadafari ko Bolari ko Pantami, ya zo neman abinci Ikko ko Badun ko Fatakwal, ba abin da ya fi tsaya masa a rai kamar karatun 'ya'yansa. Yana aika kuɗin littafi da na riga, amma in ya je gida da Salla sai ya tarar ɗan aji huɗu yana rera karatun Turanci da ka, in kuwa aka nuna masa kalma guda a tsakiyar shafi sai ya yi zuru.

Masana sun daɗe da bin diddigin wannan ciwo, kuma binciken da ya fi shahara a ƙasar Yarabawa aka yi shi. A 1970 Shaihun Malami Aliyu Babatunde Fafunwa na Jami'ar Ife ya soma gwaji a wata makarantar firamare ta Modakeke. Aka riƙa koya wa wasu yara lissafi da kimiyya da sauran darussa da Yarabanci tsawon shekara shida, Turanci kuwa aka ba shi sa'arsa, da malamai gwanaye. Wasu yaran aka juya su zuwa Turanci bayan aji uku kamar yadda aka saba. Da aka auna, yaran Yarabanci ba su kasa ba ko a Turancin kansa, a wasu darussan ma suka wuce takwarorinsu. Dalilin a fili yake. Yaron da ake koya wa haɗa baƙi da wasali cikin harshen da yake ji, aiki ɗaya ke gabansa. Wanda aka fara masa da baƙon harshe kuwa kaya biyu aka ɗora masa, watau gane haruffa da gane ma'ana, sai ya gudu zuwa hadda. Jamhuriyar Nijar ma ta buɗe irin wannan makarantar gwaji da Hausa a Damagaram a 1973.

Manufar Ilmi ta Ƙasa ta 1977 ta amince da a fara firamare da harshen uwa ko harshen da ake yi a gari. A 2022 Gwamnatin Tarayya ta ce a kai shi har aji shida, sa'an nan a watan Nuwamba na 2025 Ministan Ilmi Tunji Alausa ya ba da sanarwar soke wannan, yana mai kafa hujja da yawan faɗuwa a jarrabawa. Sai dai da wuya a ɗora laifin faɗuwa a kan dokar da yawancinta ba ta wuce takarda ba.

Amma gaskiya ɗaya ce, Gombe ba Ife ba ce. Can yara duk harshensu ɗaya, an rubuta musu littattafai, an horar da malamansu kafin a shiga aji. A birnin Gombe kuwa, tun da ya zama hedkwatar jiha a 1996 jama'a ke kwararowa, har a benci guda a sami Bafillace da Batangale da ɗan Tera da ɗan Waja da Babole. Hausa ce ke haɗa su a kasuwa da filin wasa, ita ce harshen gari da manufar 1977 ke nufi, amma tilas a tuna akwai yaron da ya zo daga ƙauye bai iya ta ba tukuna. Shirin "Mu Karanta!" da aka gudanar a jihohin Bauci da Sakkwato ya nuna irin kayan aikin da ake bukata: littafi a hannun kowane yaro, da jagorar darasi ga malami, da mai zagayawa yana gyara masa. Kwalejin Ilmi ta Tarayya da ke Gombe tun 1977, da Jami'ar Jihar Gombe da aka kafa a 2004, su ya kamata su ɗauki nauyin auna wannan a makarantun birnin, unguwa unguwa.

Shi kuwa uba da ke Kurmi yana da nasa ma'aunin. In ya je gida, kada ya tsaya ga lambar da ke jikin takardar sakamako. Ya miƙa wa yaro shafin Hausa wanda bai taɓa gani ba, ya ce ya karanta, ya kuma faɗi abin da ya ji. In ya kasa, sai a je wurin hedimasta tun kafin hutu ya ƙare, a tambaye shi da wane harshe ake koyar da 'yan aji ɗaya, da kuma littafi nawa ke ajin.