Jawabi ga Iyayen Ɗaliban Kurfai

Jama'ar Filinge,

Yaron da ya tafi Jami'ar Abdu Mumuni ta Yamai koyon aikin kwamfuta, ba wasa ya kai shi ba. Da safe yana aji, yana lissafi. Da marece yana rubuta wa na'ura umurni, layi bayan layi.

Ku da kuka yi yaƙi da jahilci kun san bambancin baki da baƙi. Ita ma na'ura haka take. Harafi guda ya kauce, aiki ya tsaya. Sai yaro ya kwana neman kuskuren.

Don haka, kada a kira shi gida karatu bai ƙare ba. In motar kasuwar Lahadi za ta koma Yamai, a aika mishi da gero da kuɗin sabulu.

Allah shi ba da sa'a, amin.