Injin Mai Fanka da Wanda Yake Riƙe da Linzaminsa



Duk wanda ya taɓa shiga jirgin sama, ko zuwa Ikko ko zuwa aikin Hajji, ya san ɗan lokacin nan da jirgi yake tsayawa cik a bakin titinsa kafin ya tashi. Sai ka ji ƙarar injuna ta ɗan ɗaga, ta dakata, sa'an nan ta ɗaga gaba ɗaya, har kujera ta tokare maka baya. Galibinmu muna zaton matuƙi ya danna totur ne mai ya kwarara, kamar yadda direban mota yake yi. Ba haka ba ne. A jiragen zamani babu wata igiya ko sanda da ta haɗa hannun matuƙi da bawul ɗin mai. Shi dai faɗin bukatarsa yake yi, wani dabam ne yake yanke yawan man da za a zuba. Dalilin da ya sa aka shirya abin haka shi nake so in bayyana yau, amma ba zai fahimtu ba sai mun fara leƙa cikin injin.

Mai kwale-kwale a Kogin Kwara, in yana so ya yi gaba, ruwa yake turawa baya da filafili. Jirgin sama ma haka yake yi, sai dai shi iska yake turawa. A tsakiyar injin akwai sassa uku a jere. Na farko shi ne kwamfiresa, watau layi-layi na ƙananan fukafukan ƙarfe masu juyawa, kowane layi ya matse iska ya miƙa wa na bayansa. Kafin iskar ta kai layin ƙarshe an matse ta ninki 30 zuwa 40, wani lokaci fiye, kuma matsin kaɗai ya sa zafinta ya wuce digiri 500, alhali ba ta ga wuta ba tukuna. Ku tuna ruwa a digiri 100 yake tafasa. Na biyu shi ne murhu, inda ake fesa mata kananzir. Fulogi ba ya aiki sai wajen tayar da injin ko in ana tsoron wutar ta mutu. In ta kama, ci take yi ba ƙaƙƙautawa kamar ta risho. Na uku su ne farfelun wuta, waɗanda iska mai zafin nan take bugawa a kan hanyarta ta fita. Suna juyawa, suna juya wata sandar ƙarfe, ita kuma tana juya kwamfiresan da ke gaba. Da haka injin yake ciyar da kansa.

Wannan shi ne injin da Frank Whittle na Ingila ya nemi rajistarsa cikin 1930, wanda kuma Hans von Ohain na Jamus ya riga shi tayar da jirgi da irinsa cikin 1939. Yana da ƙarfi, amma yana da shan mai da ƙara mai kashe kunne, domin iska kaɗan yake cillawa da gudu mai tsanani.

To, a nan sai mu ɗan yi lissafi, don a kansa dukkan zancen ya rataya. Ƙarfin turi shi ne nauyin iska sau gudunta. In ka cilla kilo 1 na iska da gudun mita 600 a daƙiƙa, turin da za ka samu daidai yake da na wanda ya cilla kilo 2 da gudun mita 300. Amma kuzarin da aka kashe ba daidai ba ne, domin shi yana bin gudu sau gudu. Ku buga ku gani: na biyun rabin kuzarin na farko ya kashe. Watau gara ka tura iska mai yawa a hankali da ka tura kaɗan da gaggawa. Saboda haka aka ƙara wasu farfelun wuta a baya, aka zura sandarsu ta cikin waccan sanda ta farko, wadda dama rami gare ta, aka ɗaura mata ƙatuwar fanka a gaba. Ita ce kuke hangowa a bakin injin in kuna hawa matakala. Mafi yawan iskar da fankar nan take ja ba ta shiga murhu ko kaɗan, gefe take bi ta fita da sanyinta.

Injin Conway na kamfanin Rolls-Royce, wanda ya fara ɗaukar fasinja wajen 1960, iskar da yake kewayarwa ba ta kai rabin wadda take shiga murhu ba. Da Boeing 747 ya fito cikin 1970, injinsa JT9D yana kewayar da kusan ninki 5. Sababbin injunan da aka sa wa Airbus A320 daga 2016 sun kai ninki 11 zuwa 12. A irin waɗannan, kimanin kashi 80 cikin 100 na turin daga fanka yake fitowa. Wutar nan da duk hayaniyarta, ashe baran fanka ce.

Yanzu mu zo ga linzami. Injin nan a kan siraɗi yake tafiya. Iskar da take fitowa daga murhu takan wuce digiri 1,500, ta fi zafin da yake narkar da ƙarfen farfelun da take bugawa. Abin da ya hana su narkewa shi ne an huda su da ƙananan ramuka, ana ɗebo iska daga kwamfiresa tana fita ta ramukan tana lulluɓe su. In aka ƙara mai fiye da kima, wannan kariya ba za ta isa ba. Sandar farko kuwa, mai juya kwamfiresa, a injin CFM56 na Boeing 737, takan yi kewaye fiye da 14,000 a minti; in ta zarce iyaka, faifan da yake riƙe da farfelu yana iya tarwatsewa. Har ila yau, in aka antaya mai farat ɗaya tun kwamfiresa bai ɗauki gudu ba, matsin murhu zai rinjaye shi, iska ta juyo baya, injin ya yi amai da ƙara kamar ta igwa. In kuma aka janye man farat ɗaya, wuta ta mutu. Kuma iyakokin nan huɗu ba a wuri ɗaya suke tsaye ba, suna gusawa da zafin rana da nisan jirgi daga ƙasa da gudunsa. Wannan ne ya sa injin yake bukatar 'yan daƙiƙoƙi kafin ya kai cikakken ƙarfinsa. Ƙa'idar da ake gina jiragen fasinja a kanta ta ɗauka cewa matuƙin da ya fasa sauka zai jira daƙiƙa 8 kafin ya sami ƙarfin da zai hau da shi. Wannan ne kuma dalilin dakatawar da kuka ji a bakin titi: ana jira injunan su daidaita, kada ɗaya ya riga ɗaya ya karkatar da jirgi.

A da, wata na'ura ce ta giya-giya da sifirin da matsin mai take awon man, mutane kuma suna kallon agogo suna gyarawa. Manyan jirage har mutum na uku gare su a gaba, injiniya, wanda rabin aikinsa ke nan. Amma agogo yana iya yin ƙarya. Ran 13 ga Janairu 1982, wani Boeing 737 na kamfanin Air Florida ya tashi daga Washinton cikin dusar ƙanƙara. Ƙanƙara ta toshe ɗan bututun da yake auna matsin iska a bakin injunan, sai agogo ya nuna sun kai ƙarfin tashi alhali ba su kai ba. Mataimakin matuƙi ya yi ta cewa abin bai yi masa daidai ba, amma aka ci gaba. Jirgin ya bugi gada ya faɗa Kogin Potomac, mutum 78 suka rasu. Injunan lafiyarsu lau, ba a dai nemi ƙarfinsu ba ne.

Cikin 1984 injin PW2037 na Boeing 757 ya fara aiki da kwamfuta mai cikakken iko a kan injin, wadda masu sana'ar suke kira FADEC. Akwati ce da ake ɗaurawa a jikin injin kansa. Tana karanta inda matuƙi ya ajiye totur, da zafin iska da matsinta, da gudun sandunan biyu, da zafin hayaƙi, sau da yawa a kowace daƙiƙa, sa'an nan ta buɗe bawul gwargwadon abin da injin zai iya ɗauka. Ita take karkata wasu fukafukan kwamfiresa, ita take tsara tayar da injin. Biyu ce a cikin akwati ɗaya, in ɗaya ta kasa ɗaya ta karɓa. Kuma ba ta gaskata ma'auni guda. In awon matsi ya saɓa wa sauran, sai ta jingine shi ta koma lissafi da gudun fanka. Har janareta nata gare ta, wanda injin yake juyawa, don kada ɗaukewar wutar jirgi ta shafe ta.

Wannan 'yanci yana da nasa farashi, ba zan ɓoye muku ba. Ran 4 ga Nuwamba 2010 injin ɗaya na wani Airbus A380 na kamfanin Qantas ya tarwatse jim kaɗan bayan tashi daga Singafo, ɓaraguzansa suka yanke wayoyi a cikin fiffike. Aka sauka lafiya da mutum 469, amma injin da yake maƙwabtaka da wanda ya fashe ya ƙi mutuwa, domin umarnin matuƙa ba ya isa gare shi. Sai da 'yan kwana-kwana suka shafe kusan sa'a 3 kafin su shaƙe shi da kumfa. Duk da haka ni a ganina masu ƙirar sun zaɓi daidai. Injin da ya ƙi mutuwa a ƙasa ya fi wanda zai mutu a sama don waya ta tsinke.

Akwai abin da ya shafe mu nan kai tsaye. Iska mai zafi ba ta da kauri, kuma tana shiga injin da zafinta. Galibin injunan nan suna ba da cikakken ƙarfinsu har zuwa wajen digiri 30. In zafin gari ya wuce haka, kwamfutar tana rage turin don ta kare farfelu, kome nisan da matuƙi ya tura totur. A Kano kuwa, cikin watan Afrilu, zafi yakan kai digiri 40. Filin Jos ya fi sanyi, amma yana bisa tudu fiye da mita 1,200, inda iska ta ƙara sirancewa. Ƙurar hunturu ita ma tana goge fukafukan kwamfiresa tana toshe ramukan sanyaya, har injin ya riƙa bukatar ƙarin zafi kafin ya ba da ƙarfin da ya saba. Injiniyoyi suna bin wannan a rubuce, daga tashi zuwa tashi, da shi suke sanin ranar da za a sauke injin. In turi ya ragu, tsawon titi kuwa ba ya ƙaruwa, abin da ya rage a taɓa shi ne nauyin jirgi, ko lokacin tashi. Saboda haka in wata rana da bazara aka ce da ku an rage kaya, ko an ɗage tashi sai rana ta yi sanyi, ku tambayi ma'aikacin ko digiri nawa ne a filin kafin ku kama shi da faɗa.