A Biya Tsofaffin Makaɗa Su Koyar: Hujjar Buɗe Makarantar Kiɗa a Gidigir

Sarakunanmu, Allah ya ja zamaninku. Shugabannin ƙaramar hukuma, malamai, iyayenmu mata da samari, ku yi mini izini in shiga magana kai tsaye.

Maganata guda ce. Gidigir na buƙatar makarantar koyon kiɗa ta jama'a, mai kuɗi kaɗan, wadda yaro ɗan shekara 8 da dattijo mai jikoki za su iya shiga, malamanta kuwa su zama tsofaffin makaɗan da ke zaune cikinmu yau, a riƙa biyan su duk wata kamar kowane malami. Ba sai na ba ku tarihin Muniyo da sarautar Gure ba, ko in gaya muku yadda Mangawa da Hausawa da Fulani da Tubawa ke cin kasuwa ɗaya a nan. Kun fi ni sani. Abin da na daɗe ina jayayya a kansa da ma'aikatan al'adu shi ne inda ɗan kuɗin da ake ware wa al'ada yake tafiya. Tun bukin samari na ƙasa na zamanin Janar Kunce, har zuwa gasar Ɗan Gurmu da aka soma a 1987, hankalin hukuma ya fi karkata ga buki: a kafa rumfa, a kawo makaɗa a mota, a ba su kyauta, a watse. Gasa tana zaɓen gwani ne daga cikin waɗanda suka riga suka iya. Wanda bai iya ba, da kallo ya zo, da kallo zai koma gida. Makaɗin da ya ci kyauta kuwa, in ya mutu bayan shekara biyar bai koya wa kowa ba, kuɗin da aka kashe a kansa sun bi shi kabari.

Za a ce ai ƙasa tana da makarantar kiɗa. Gaskiya ne, akwai cibiyar Alhaji Taya a Yamai, wadda aka kafa wajajen 1990 da taimakon kuɗin Turai, kuma ta yi aiki: daga cikinta ƙungiyar Mamar Kassey ta Yakuba Mumuni ta fito a 1995, ta kai sarewar Nijar ƙasashen duniya. A can ne kuma aka tara kayan kiɗan gargajiya na kabilun ƙasar nan don kada su salwanta. Amma tsakanin Gidigir da Yamai kusan kilomita 1000 ne. Wane manomin kwari ne zai bar dabinonsa da rogonsa ya je Yamai koyon gurumi? Wane uba ne zai tura ƴarsa? Kayan da aka rataye a ɗakin ajiya kuwa an tsirar da itacen da fatar ne kawai, hannun da ya san inda zai taɓa yana nan ƙauye yana tsufa.

Hujjata mafi ƙarfi daga ƙasarmu ta fito, kuma zan daɗe a kanta. Malam Mamman Barka ɗan Taskar ne, wadda a lokacin haihuwarsa tana cikin gundumar Gure. Batube ne, ɗan makiyaya, bai gaji kiɗa ba, kuma aikinsa na fari koyarwa ne a makarantar boko. Da gurumi ya yi suna, har aka san shi a Nijar da arewacin Nijeriya. A shekarar 2002, yana da shekara fiye da 40, ya sami tallafin UNESCO ya tafi bakin Tafkin Cadi wurin wani tsoho mai suna Bukar Tar, wanda aka sani a matsayin gwani na ƙarshe na biram. Biram kayan kiɗan Buduma ne masunta, mai tsirkiya 5, gangar jikinsa kamar kwalekwale, an rufe ta da fata. Samarin Buduma sun juya masa baya, tsohon ya kusa fid da rai. Barka ya zauna wurinsa, ya koyi kaɗawa, ya koyi waƙoƙin da ke tafiya da shi da harshen Buduma, har tsohon ya danƙa masa nasa biram ɗin. Bukar Tar ya rasu a 2006. A 2009 wani kamfani a Ingila ya fitar da faifan Barka na biram, tare da makaɗin ganga Umaru Adamu, duniya ta ji abin da saura ƙiris ya ɓace.

Ku duba abin da ke cikin wannan labari. Ɗalibin ba ɗan gidan makaɗa ba ne, ba ma ɗan kabilar ba ne, amma ya iya. Ke nan gado ba sharaɗi ba ne. Ya soma biram bayan ya wuce 40. Ke nan wanda ke cewa kiɗa sai an fara da ƙuruciya bai faɗi dukan gaskiya ba. Abin da aka kashe bai wuce guzurin mutum guda da ɗawainiyar zamansa ba, ba a gina bene ba, ba a sayo inji daga waje ba. Sannan ku duba tazarar da ke tsakanin 2002 da 2006: shekara 4 kacal. Da takardar tallafin ta yi jinkiri a wani ofis, da Barka ya ce sai baɗi, da yanzu biram sai a hoto. Wannan shi ne abin da ke tayar mini da hankali, domin abin da ya tsirar da biram sa'a ce, kuma al'umma ba ta jingina gadonta ga sa'a. Barka kansa ya riga mu gidan gaskiya a watan Nuwamba na 2018, Allah ya jiƙansa. Ilimin da ke bi ta hannun mutum guda zuwa mutum guda, rasuwa ɗaya ta isa ta yanke shi. Amfanin makaranta ke nan: tsoho ɗaya ya zauna gaban mutum 10, in 7 sun watsar, 3 sun riƙe. A ƙauyukan da ke kewaye da mu akwai irin Bukar Tar, masu algaita da ganga da goge da gurumi, waɗanda ƴaƴansu sun tafi Libiya ko haƙar zinariya a Jado, kuma babu wani tallafin UNESCO da ke kan hanya dominsu.

Maƙwabtanmu sun gwada hanyar makaranta ta yi. A Tamanrasat ta Aljeriya, wata ƙungiya da aka kafa a 2003 ta tara tsofaffin matan da suka rage masu kaɗa imzad, gogen Abzinawa, ta sa su koyar da ƴan mata. A 2013 UNESCO ta sanya imzad cikin gadon ɗan Adam da sunan Aljeriya da Mali da Nijar. Ƙasarmu ta amince da yarjejeniyar kare irin wannan gado tun 2007, don haka abin da nake nema alkawari ne da aka riga aka ɗauka.

Wasu abokan aikina na cewa a ɗauki kiɗan tsofaffin a waya a ajiye, ya wadatar. A ɗauka, ban hana ba. Amma a ba yaro wayar a ce ya koyi algaita da ita. Mai algaita yakan cika kumatunsa da iska, ya riƙa matsa ta cikin bututun, a daidai lokacin yana shaƙar wata ta hanci, shi ya sa sautin ba ya yankewa ko da an yi doguwar tafiya bayan dokin sarki. Kunne ba ya jin wannan dabara a faifai. Sai malami ya tsaya kan yaro, ya ga inda numfashinsa ke tsinkewa, ya sa shi maimaitawa har makonni. Haka kalangu: makaɗi na matse igiyoyin fatar a hammatarsa yana sassautawa, sauti ya hau ya sauka yadda muryar mai magana ke yi, har mahauci ya ji takensa daga nesa ya gane da shi ake. Yaya ƙarfin matsin yake, yaushe ake saki, wannan a jiki ake nuna shi. Ɗaura fatar ganga, zaɓen ƙwaryar goge da shirya izgar dokinsa, duk sana'o'i ne da ke mutuwa tare da kiɗan.

Na san sukar da ke zuwa. Ta farko ta addini ce. Malamai sun yi saɓani a kan kayan kiɗa tun da daɗewa, kuma ba a wannan zama za a raba gardamar ba. Wanda ya ɗauki fatawar hani, babu mai tilasta masa kawo ɗansa. Abin da kowa ya yarda a guje masa shi ne batsa da shaye-shaye da shagala daga salla, kuma makaranta mai doka, wadda ake tashi in an kira salla, mata na koyo wurin mata, iyaye na iya leƙowa, ta fi kusa da tarbiyya a kan abin da yaranmu ke saurare su kaɗai a waya tsakar dare. Ta biyu ita ce kiɗa aikin maroƙa ne, ɗan mutunci ba ya yi. Barka ya riga ya amsa wannan. Ina ƙarawa da cewa abin kunya ne mu nemi makaɗi ranar suna da aure da gayya da kokawa, mu ji daɗi in ya wasa kakanninmu, sannan mu ce ɗanmu ya fi ƙarfin sana'arsa. Ta uku ita ce talauci: rairayi na cinye kwaruruka, yara na karatu a rumfar zana, wa ke ta kiɗa? Ban nemi a taɓa kuɗin rijiya ko na aji ba. Kuɗin buki nake nufi, waɗanda ake kashewa a yini guda kan rumfa da kujeru da man mota.

Ga yadda nake ganin a yi. Ƙaramar hukuma ta ba da aji guda na makarantar boko bayan an tashi da yamma, da ranakun da ba a karatu. Ba a buƙatar sabon gini. A fara da malamai 3 ko 4 daga cikin tsofaffin, har da mace guda mai shantu da kiɗan ƙwarya, a yanka musu albashin wata, ko ƙanƙane ne, a rubuce, don su san malamai ne, a daina sallamar su da goro. Kayan kiɗa a yi su a nan, ɗalibai su sa hannu wajen yin su, makaranta ta riƙa ba da aro. Kuma a biya kuɗi. A nan na saba da masu cewa a yi kyauta, domin abin da aka ba mutane kyauta da kuɗin wata ƙungiyar waje, ranar da ƙungiyar ta naɗe tabarmarta ranar yake mutuwa, kuma wanda bai biya ba ba ya jin yana da bakin tambaya in malami bai zo ba. Yaro ya biya dala 50 a wata, babba dala 100, wanda ba shi da kuɗi ya kawo tiyar hatsi bayan girbi, maraya a ɗauke masa. Kada a sa iyakar shekaru, kada a tambayi kowa gidan da ya fito ko kabilarsa. Jami'ar Damagaram ta turo ɗalibanta su rubuta waƙoƙi da take da sunayen malaman, su bar kwafi a nan garin.

Kafin duk wannan akwai aikin da ba ya cin ko dala. Ina roƙon sarakunanmu su sa masu unguwanni da masu gari su kawo sunan duk wani makaɗi da ya haura shekara 60 a ƙasar Gidigir, da abin da yake kaɗawa, da ko yana da mai koyo a hannunsa. Shugabannin ƙaramar hukuma kuma, in kun zauna kan kasafin baɗi, ku cire rabin kuɗin buki ku rubuta shi da sunan albashin waɗannan tsofaffi. Ku yi shi bana, tun suna da ƙarfin riƙe makaɗi.