Filastar maganin raɗaɗin ciwon daji: jawabi ga masu jinya a gida

 

Wasu daga cikinku suna jinyar mai ciwon daji a ɗaki, kuma likita ya ba su filastar da ake mannawa a fata don rage raɗaɗi. Yawanci maganin da ke cikinta fentanil ne, wanda ya ninka morfin ƙarfi sau 50 zuwa 100. Yana ba majinyaci damar barci da cin abinci, amma in aka yi sakaci yana kashewa. Shi ya sa muka tara ku yau.

Ga yadda ake amfani da ita. A manna ta a ƙirji, ko damtse, ko gadon baya, inda fata ta bushe, babu miki, ba a shafa mai ba. A danne da tafin hannu daƙiƙa 30. Bayan awa 72, wato kwana uku, a fara cire tsohuwar, sannan a manna sabuwa a wani wurin daban. Ku rubuta rana da lokaci a takarda. Filasta ta farko takan ɗauki awa 12 zuwa 24 kafin ta kama aiki, don haka kada ku ƙara ta biyu don kun ga ciwo bai lafa ba. Kada kuma a yanka ta.

Babban abin tsoro a nan Sabha shi ne zafi. Da bazara yakan wuce digiri 40, ga ɗaukewar wuta. Idan fata ta yi zafi, maganin yana shiga jini da sauri fiye da ƙima. Kada majinyaci ya zauna a rana, kada a yi masa gashi da ruwan zafi, da sanyi kuma kada ya kusanci gawayi ko hita. Zazzaɓi ma haka yake yi. In ya taso, a sanar da likita.

Idan kuka ga numfashinsa ya yi ƙasa, an tashe shi bai farka ba, leɓɓansa sun canza launi, ƙwayar idonsa ta ƙanƙance, ku cire filastar nan take ku garzaya da shi Cibiyar Lafiya ta Sabha. Akwai allurar nalokson mai karya ƙarfin maganin. Ko ya farfaɗo a hanya ku ƙarasa, domin maganin yana nan a jiki awanni da yawa bayan an cire.

Iyaye mata, tsohuwar filasta tana da sauran maganin da zai iya kashe yaro in ya tsotsa ko ta manne masa. Ku ninka ta biyu, gefen danƙon ya haɗu, ku ajiye inda hannun yaro ba ya kaiwa, ku mayar wa ma'aikatan lafiya. Sababbin kuma a kulle su a akwati cikin inuwa.

Mun san halin rashi da ake ciki. Duk da haka kada ku sayar, kada ku ba maƙwabci mai ciwon baya; jikin da bai saba ba, guda ɗaya ta isa ta tsayar masa da numfashi. Dokar Libiya tana da tsanani kan irin wannan magani, don haka takardar likita ta kasance tare da ku a duk shingen bincike. Idan za ta ƙare, ku zo mana da wuri, domin dainawa farat ɗaya yana jefa majinyaci cikin wahala.

Mai tambaya ya same mu bayan taro, za mu fassara masa a gaban ma'aikacin lafiya. Allah Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, Ya saka wa masu jinya da alheri.