Jawabin Kwamitin Gudanarwa: Ƙofar da Muka Daɗe Muna Ƙwanƙwasawa, Kada Mu Rufe wa Wasu

  

Dattawanmu, malamanmu, iyayenmu mata, 'yan'uwa fatake da suka taso daga Gadarif da Doka da Gallabat, da baƙinmu na tsallaken iyaka daga Matama, sannunku da zuwa Simsim, barkanmu da ganin zagayowar ranar da aka kafa wannan ƙungiya. Ma'aji zai karanta lissafin shekara bayan La'asar. Mu 'yan kwamiti magana ɗaya muka zo da ita, kuma muna roƙon a yi mana haƙuri, don ba mai daɗin ji ba ce. Maganar ita ce: wa ke da wurin zama a tabarmar ƙungiyar nan, wa kuma muka bari a tsaye a bakin ƙofa?

Bari mu fara da tuna inda muka fito. Yawancin waɗanda suka kafa ƙungiyar nan jikokin mutanen yamma ne. Wasu kakanninmu aikin hajji ya fito da su daga Kano da Katsina da Sakkwato, a ƙafa, suna noma a hanya don neman guzurin ƙarasawa Sawakin. Wasu kuma sun yiwo hijira ne bayan Turawa sun kashe Sarkin Musulmi Attahiru a Burmi a 1903, suka biyo ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno, wanda garin Mai Wurno kusa da Sinnar ke ɗauke da sunansa har yau. Da aka gama madatsar Sinnar a 1925, hannuwansu na cikin waɗanda suka tsinci audugar Jazira. Da aka soma noman tarakta a ƙasar Gadarif a shekarun 1940, 'ya'yansu ne suka sare daji, suka yi ciyawa, suka yanki dawa.

Duk da haka, da aka yi dokar zama ɗan ƙasa ta 1957, sai aka ce sai wanda danginsa suke zaune a Sudan tun 31 ga Disamba 1897. Mutum an haife shi nan, an haifi ubansa nan, amma ya je neman jinsiyya a ce ya kawo shaidar kakan da ya daɗe a kabari. Sai a dokar 1994 aka matso da wa'adin zuwa 1 ga Janairu 1956. Akwai dattawa a zauren nan da suka yi shekaru suna safarar kaya da lasisin wani, suna biyan shi lada, saboda ba su da takarda. Kuma ba mu manta watan Yuli na 2022 ba, lokacin da rikicin filaye ya ci rayukan 'yan'uwanmu a jihar Nilul Azraƙ, har mutanenmu suka fito zanga-zanga a Kasala da Gadarif da Khartum. Mun san ɗacin a ce maka baƙo a garin da aka binne cibiyarka.

To, jama'a, mu da muka sha wannan, me muke yi wa wasu?

Tsarinmu ya ce ba a karɓar sabon ɗan ƙungiya sai tsofaffin 'yan ƙungiya biyu sun tsaya masa. An yi dokar ne don tsare amana, kuma ta tsare. Amma mutum ba ya tsaya wa wanda bai sani ba, kuma wanda muka sani shi ne ɗan ƙanenmu da surukinmu. A haka rajistarmu ta zama kamar jerin sunayen 'yan biki ɗaya.

Bayan yaƙin da ya ɓarke ran 15 ga Afrilu 2023, jihar nan ta cika da mutanen da suka baro Khartum da Omdurman, daga baya na Wad Madani suka biyo. Wata baiwar Allah ta zo ofishinmu. Ta yi shekaru tana sayar da kayan yaji a Omdurman, ta san citta da bunni fiye da da yawa daga cikinmu, yaranta suna kwana a ajin makaranta. Ba sadaka ta roƙa ba. Shiga asusunmu ta nema, don ta sami jarin saro kaya a Gallabat. Muka ce ta kawo mutum biyu. Ta ce duk wanda ya san ta ya watse, wani na Masar, wani na Bur Sudan, wani ya rasu. Muka ce doka ce. Ta yi mana sallama ta tafi. Bayan fitarta ɗaya daga cikin dattawanmu ya ce, wallahi haka aka ce wa mahaifinsa a ofishin jinsiyya. Ba wanda ya iya ɗaga kai.

Ba ita kaɗai ba ce. Wani abokin cinikinmu na Matama ya kawo ƙara a kan kuɗin tafarnuwa, muka yi zaman sulhu da Hausa da Larabci, yana zaune yana kallon bakinmu. Da aka gama aka ce ya sa hannu.

Sai leburorin gona. Sunan garin nan riɗi ne da Larabci, kuma kowa ya san halin riɗi: in ya nuna ba ya jira, kwana kaɗan kwanson ya tsage, arzikin shekara ya zube a ƙasa. Wa ke cece shi? Jango ne, mutanen Darfur da Dutsen Nuba da Kudu da Habasha, masu yanka da lauje tun asuba. Da guminsu ake cika buhunan da muke kaiwa kasuwar Gadarif. Amma in an riƙe wa lebura kuɗinsa, ba shi da inda zai kai kuka, domin zaman sulhunmu na 'yan ƙungiya ne kawai. Haka ma bashin shel, wanda ake ba manomi da damina a karɓi amfani da kaka: mun san farashin da ake yanka wa na gida daban ne da wanda ake yanka wa wanda ba shi da kowa.

Saboda haka kwamiti ya kawo shawarwari biyar, za a kaɗa musu ƙuri'a yau.

Na ɗaya, wanda ba shi da masu tsaya masa zai iya shiga da gwajin kaka ɗaya. Za a ba shi ƙaramin rance, in ya biya a kan lokaci, biyan nan shi ne shaidarsa.

Na biyu, a ware kujeru biyu na mata a kwamiti, da cikakkiyar ƙuri'a, kuma mata ne za su zaɓi masu zama a kansu. Iyayenmu mata sun daɗe suna riƙe da adashin da ya ta da da yawa daga cikinmu.

Na uku, duk zaman da aka yi da wanda ba ya jin harshenmu sai an zo da tafinta, na Amharanci ko Tigiranci ko wanin su, kuma ƙungiya ce za ta biya shi.

Na huɗu, lebura zai iya kawo ƙarar ɗan ƙungiya a kan haƙƙinsa, a saurare shi cikin mako guda, kafin kaka ta ƙare ya bar gari.

Na biyar, tallafin da muke ba 'ya'yanmu masu karatu a Jami'ar Gadarif a buɗe shi ga 'ya'yan leburori da na 'yan gudun hijira, a raba daidai tsakanin maza da mata, a duba buƙata da ƙoƙari kawai.

Mun ji masu cewa asusun ƙarami ne, in an buɗe ƙofa baƙo zai ci ya gudu. Maganarsu tana da hujja, shi ya sa muka ce a fara da ƙaramin rance. Amma mun buɗe littafin bashi mun duba, kuma ba za mu kira suna ba: basussukan da suka fi daɗewa ba a biya ba suna wuyan waɗanda mutum biyu suka tsaya wa ne, waɗanda kunya ta hana mu matsa musu. Wasu kuma sun ce ƙungiyar za ta fita daga hannun Hausawa. Iyayenmu sun kafa ta ne don a daina tambayar ɗan kasuwa kakansa kafin a auna masa kaya. In mun riƙe wannan, ba ta fita daga hannunsu ba.

Game da baiwar Allah ɗin nan, mun aika an nemo ta. Tana soya awara da sayar da shayi a bakin tasha. Mun ba ta haƙuri, ta ce ta yafe, amma ta ce ba za ta dawo ba sai an gyara dokar, don akwai irinta da yawa. Amsar da za mu kai mata tana hannunku.

Allah ya kawo wa Sudan zaman lafiya, ya mayar da kowa gidansa, ya jiƙan iyayenmu da suka share mana wannan hanya, ya sa albarka a kasuwancinmu.