Jita mai kuka: amsar tambayar dattijon Adumri

Daga shirinmu na daren Laraba, kamar yadda aka gabatar da shi



Yau bashi zan biya. Mako uku da suka wuce, ranar Alhamis da yamma, wani dattijo ya bugo mana waya daga kasuwar shanu ta Adumri. Na ɗauka farashin bijimi zai tambaya. Sai ya ce, "Ɗana, wannan mai gogen da kuke sakawa kafin ku karanta farashin kasuwa, ɗan wane gari ne? Yana raye?" Na ce, "Baba, ai ba goge ba ne, jita ce." Ya ce, "Jita ba ta kuka haka. To na ji, wa ya kaɗa ta?" Nan na yi tsit. Wata takwas ina saka kiɗan nan kullum, amma a kwamfutarmu ba shi da suna, lamba ce kawai. Kunya ta kama ni, na ce masa ya ba ni lokaci. To Baba, in kana ji, ga abin da na samo.

Mu fara da kukan. Jitar da kuka saba gani a hannun samari, wuyanta yana da ƙananan ƙarafa da aka gitta jere. Makaɗi ya danne tsirkiya a bayan wannan ƙarfen, sauti ya fito. Ya matsa na gaba, wani sautin ya fito. Kamar hawa matakala ne, taki ɗaya bayan ɗaya, ba tsayawa a tsakani. Ita kuwa wannan da kuke ji, kwantar da ita ake yi a cinya, tsirkiyoyin suna kallon sama. Makaɗin ba ya danne su da yatsa. Wani guntun ƙarfe mai santsi yake riƙewa a hannun hagu, tsawonsa kamar ɗan yatsa, yana jan sa a kan tsirkiyoyin, hannun dama yana tsinkar su. Saboda haka sautin ba ya tsalle, gangarowa yake yi kamar mota a gangare, ya bi ta duk tsakanin da jitar gama-gari ke tsallakewa. In makaɗin ya ɗan karkaɗa hannu, sai sautin ya yi rawa kamar muryar mai shessheƙa. Kukan ke nan.

Shi ya sa kunnen Baba bai yi ƙarya ba. Goge ma ba shi da waɗannan ƙarafan. Izgar doki ce a miƙe, makaɗi yana taɓa ta da yatsu a inda ya ga dama. Duk wanda ya taɓa jin Garba Liyo ko Audu Yaron Goge, ko kukumar Ahmadu Doka, ya san yadda tsirkiya ɗaya take bin muryar mawaƙi sawu da ƙafa. Mu Hausawa kuma kunnenmu ya saba da hawa da saukar murya tun muna goye. Ku faɗi "kuka" ta miya, sannan ku faɗi "kuka" na yaro. Baƙaƙe ɗaya, sautin ne kawai ya raba su. Ku faɗi "rai", ku faɗi "yau", za ku ji muryar ta taso sama ta gangaro a gaɓa guda. Abin kiɗan da ya iya wannan gangarowar, dole mu ji kamar magana yake yi.

Daga ina ta fito? Makiyaya, ku matso, labarin ya shafe ku. Akwai wasu tsibirai a tsakiyar tekun Pasifik da ake kira Hawai. Wajen 1832 shanu sun yi musu yawa a daji, sarkinsu ya sa aka ɗauko makiyaya masu dawaki daga ɓangaren Meziko su koya wa mutanensa kiwo. Labarin da mutanen tsibirin ke bayarwa shi ne, waɗannan makiyayan ne suka zo da jita, suna kaɗawa da dare bayan sun killace dabbobi. A ƙarshen shekarun 1880 wani ɗan makaranta mai suna Joseph Kekuku ya kwantar da jitar a cinya ya fara jan ƙarfe a kanta. Daga nan salon ya bazu. A kudancin Amurka kuma, baƙaƙen fata jikokin bayi suna da irin nasu: su fasa wuyan kwalba su zura a yatsa, ko su yi amfani da wuƙa, suna riƙe da jitar yadda aka saba. Jitar lantarki ta farko da aka fara sayarwa, wajen 1932, irin ta cinyar ce, kuma saboda siffarta aka yi mata laƙabi da kaskon suya.

Daga baya aka ɗora ta a kan ƙafafu kamar teburin tela, aka sa mata abin takawa a ƙasa da wasu ƙarafa da ake turawa da gwiwa. In makaɗi ya taka, tsirkiya ta ƙara ɗamewa ko ta saki, sauti ya hau ko ya sauka. Kun ga yadda mai kalangu ke matse shi a hammata ya sake? To, dabarar ɗaya ce, sai dai wannan da ƙafa. Ita ce kuke ji a bayan waƙoƙin Don Williams da direbobin manyan motoci ke so.

Yanzu ga ainihin abin da Baba ya ji. Tun da aka gane cewa wannan jitar tana kwaikwayon murya, sai makaɗa suka riƙa ɗaukar waƙar da ta yi tashe, su cire mawaƙin, jitar ta rera a madadinsa. Wasu 'yan'uwa biyu a Niyok, Santo da Johnny, sun yi kiɗa zalla mai suna Sleep Walk a 1959, ya zama na ɗaya a Amurka ba tare da kalma ko ɗaya ba. Bayan haka suka riƙa kaɗa waƙoƙin wasu, har da ta ƙungiyar Beatles ta Ingila. A Indiya abin ya zama sana'a sosai. Van Shipley da Sunil Ganguly sun cika fayafayai da waƙoƙin finafinan Indiya, ba murya, jita ce ke rerawa. A nan Afirka ma ba baƙuwa ba ce. Docteur Nico na Kinshasa, wanda ya rasu a 1985, ya yi suna da wannan salon. A Legas kuma Sunny Ade ya shigar da ita cikin gangunan Yarbawa, Demola Adepoju yana kaɗa masa, kuma faifansu Juju Music na 1982 ya kai ta kunnen Turawa.

Na ɗauki kiɗan namu a waya na tafi kasuwar Pitowa ranar Lahadi, na kunna wa mutane. Wata Hajiya mai sayar da atamfa ta ce, "Wannan ai waƙar fim ɗin Indiya ce, tun ina budurwa na san ta." Wani ɗan acaɓa ya ce a'a, ta fim ɗin Hausa ce, yana da ita a waya. Wani Bafulatani da ya zo sayen gishirin shanu ya ce shi dai sarewa take tuna masa. Hajiya ce ta fi kusa da gaskiya, don karin na Indiya ne, mawaƙan Kano suka ara suka ɗora Hausa a kai. Amma kowa cikinsu ya ji abinsa a ciki.

Ina ganin amfanin irin wannan kiɗan a wurinmu ke nan. Motar da ta taso daga Garwa zuwa Yola, a cikinta akwai mai Fulatanci, da mai Hausa, da mai Faransanci, da mai Ingilishi. Duk waƙar da direba ya saka, wani zai ji an bar shi a baya. Kiɗan da ba kalma ba ya tambayar yarenka, kuma ba a tsayar da shi a duwan. Wani Alhaji mai fataucin albasa ya ƙara mini da wani dalili. Ya ce waƙoƙin zamani da yawa ba ya iya sakawa in surukinsa na cikin mota, amma in jita ce kaɗai, kowa ya zauna lafiya, ba mai sunkuyar da kai.

Sai dai akwai hasara a ciki, kuma ita ce ta hana ni barci. Mawaƙi ko ba a rubuta sunansa ba, muryarsa za ta tona shi, sau da yawa ma ya ambaci kansa a cikin waƙar. Makaɗi ba shi da wannan gatan. Kiɗan ya tashi daga faifai ya koma kaset, daga kaset ya shiga kwamfuta, daga nan mai tura waƙoƙi a bakin tasha ya zuba maka ɗari biyu a mimori kan 'yan sefa kaɗan. A kowane zango ana yar da wani abu, kuma abin da ake fara yarwa shi ne sunan mai hannun. Namu kiɗan haka ya iso mana, kamar saniyar da ba shaida a jikinta. Kun fi ni sanin yadda irin wannan saniyar take ƙarewa a kasuwa.

In haka ta sami makaɗin da kamfani ya buga wa faifai, ina ga mai gogen ƙauyenku? Ina ga mai garaya da mai molon da suka yi kiɗan bikin iyayenmu? Yau an fi son a ɗauko lasifika da janareta, ko yaro mai fiyano. Tsofaffin suna tafiya ɗaya bayan ɗaya, abin da ya rage ɗan guntun sauti ne a wayar wani, ba suna, ba gari. Baba da ya tambaye ni "yana raye?", ya san abin da yake tambaya.

Don haka ga alkawarinmu, ga kuma roƙonmu. Daga wannan makon, duk kiɗan da muka saka za mu faɗi wanda ya kaɗa shi. Wanda ya zo mana ba suna, za mu faɗa muku haka, mu nemi wanda ya sani. Ku kuma, in akwai makaɗi a rugarku ko unguwarku, ku nemi izininsa ku ɗauke shi a waya. Kafin ya fara, ya faɗi sunansa da garinsa da wanda ya koya masa, don sunan ya zauna a cikin sautin, ba mai iya goge shi. In ya iya kaɗa waƙar zamani da goge ko garaya, wannan ma muna so. Ku sallame shi da abin da ya sawwaƙa, don hannunsa ne jarinsa. In mai tura waƙoƙi zai zuba muku, ku ce ya bar sunayen.

Yara masu son gwadawa, ba sai kun sayi jita ba. Ku sami katako mai tsawon kamu biyu, ku kafa ƙusa a kowane ƙarshe, ku ɗaure wayar birkin keke ta ɗame sosai. Ku cusa gwangwanin madara a ƙarƙashinta ta gefe ɗaya, ɗan itace ta ɗaya gefen. Ku tsinki wayar, kuna jan kwalbar turare a kanta a hankali, ba dannewa. In kwalbar ta kai daidai tsakiya, za ku ji sautin farko ya dawo, amma siriri, kamar yaro yana amsa wa babansa. Ku yi hattara da bakin wayar, yana huda yatsa.

Baba na Adumri, sunan makaɗinka ya faɗi a hanya kafin ya iso gare mu, amma tambayarka ta gyara mana aiki. Allah ya ƙara girma, ya albarkaci dukiya. Masu tafiya, Allah ya kai ku lafiya, ya sa a yi ciniki mai albarka. Sai Laraba mai zuwa in Allah ya kai mu.