RUWAN RIJIYA DA IKON MUTANEN GARI: LABARIN DIMOCK DA DRYDEN



Batun da za a tattauna a yau ya shafi wasu ƙananan garuruwa biyu na ƙasar Amurka, watau Dimock ta jihar Fensilbaniya da Dryden ta jihar Niyu Yok. Tsakaninsu bai kai mil 100 ba, kuma dutse guda ne shimfiɗe a ƙarƙashinsu, wanda masana suke kira Marcellus, maƙare da iskar gas. Amma da masu haƙa suka zo, abin da ya sami wannan daban, abin da ya sami waccan daban.

Da fari ya kyautu a san yadda aikin yake. Gas ɗin ba a kogo yake ba balle a huda ya fito, a cikin jikin dutsen yake. Saboda haka sai a haƙa rami mai zurfin mil guda ko fiye, sa'an nan a karkata shi ya bi dutsen a kwance. Daga nan a ɗura ruwa da ƙarfin gaske, galan miliyan 4 ko 5 a rijiya guda, gauraye da yashi da magunguna, har dutsen ya tsattsage. Yashin shi ke tokare tsagar kada ta rufe. To, wannan rami dole ya ratsa ta cikin ruwan da mutane ke sha, kuma abin da ya raba su bututun ƙarfe ne da siminti kawai. In simintin ya yi rauni, gas ya sami hanya.

Mutanen Dimock manoma ne marasa ƙarfi. Wakilan kamfanin Cabot suka bi su gida gida, kowa ya sa hannu shi kaɗai, wasu a kan dala 25 kowace eka. Ranar 1 ga Janairu 2009 rijiyar wata mata ta fashe saboda gas da ya taru a ciki. Hukumar kula da muhalli ta jihar ta bincika, ta ɗora laifin a kan rijiyoyin kamfanin, shi kuwa ya ce ai gas daɗaɗɗe ne a ruwan yankin. Nan gardama ta tsaya shekara da shekaru, domin galibin gidajen ba su da cikakken awon ruwansu na kafin a fara haƙa. Wanda bai auna hatsinsa ba ran da ya zuba a rumbu, ƙaƙa zai tabbatar wa alƙali yawan abin da aka ɗiba? Garin kuma ya rabu biyu, masu karɓar kuɗin gas da masu sayen ruwan kwalba. Sai cikin Nuwamba 2022 kamfanin, wanda a lokacin ya koma Coterra, ya bar musun tuhuma a kotu, ya yarda zai biya kimanin dala miliyan 16 a jawo ruwan famfo.

Mutanen Dryden sun ga wannan duka. Lalle sun yi sa'a guda, domin tun 2008 gwamnatin jiharsu ta dakatar da ba da izni har a gama bincike, suka sami sararin shawara. Amma an sha gaya musu cewa ba su da ta cewa, tun da dokar jiha ta 1981 ta hana ƙananan hukumomi tsara aikin mai da gas. Wasu lauyoyi biyu, Helen Slottje da mijinta David, suka zauna suka karanta dokar da idon basira. Suka ce dokar ta hana gari ya faɗi yadda za a yi haƙa, amma ba ta karɓe tsohon ikonsa ba na faɗin inda za a kafa masana'anta da inda ba za a kafa ba. Wannan iko na tsarin filaye kowace majalisar gari tana da shi a aljihun tebur, ba wanda ya ɗauke shi a bakin komai.

Jama'a suka bi ƙofa ƙofa, suka tara sa hannu fiye da 1,500 a garin da mutanensa ba su wuce 15,000 ba. Cikin Agusta 2011 majalisar gari ta haramta haƙar gas a ƙasarta, ba tare da ko mutum guda ya saɓa ba, alhali kuwa 'yan majalisar ba jam'iyyarsu ɗaya ba. Kamfanin Anschutz, wanda ya riga ya kama hayar eka fiye da 20,000, ya kai ƙara. Dryden ta ci a kotun farko, ta ci a ta biyu, kana ranar 30 ga Yuni 2014 babbar kotun jihar ta tabbatar mata, alƙalai 5 a kan 2. Kafin nan garuruwa fiye da 170 sun bi sawunta. A Disambar shekarar gwamnatin Andrew Cuomo ta ba da sanarwar hana aikin a jihar baki ɗaya.

Kada a ɗauka cewa wannan hanya tana ɓullewa ko'ina. Ikon ƙaramar hukuma aro ne daga ta sama, mai abu kuwa yana iya karɓar abinsa. Mutanen birnin Denton na jihar Tekzas sun jefa ƙuri'a cikin Nuwamba 2014, kusan kashi 59 cikin 100 suka zaɓi hani. Cikin Mayu 2015 Gwamna Greg Abbott ya sa hannu a dokar da ta ƙwace wannan iko daga dukkan biranen jihar, wata guda bayan haka majalisar Denton ta soke dokarta da hannunta.